Baffa, Baban Kolere da Jirgin da Aka Bari a Baya

Daga Allah muke, kuma gare shi Baffa ya riga mu komawa. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina rarrafe, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni. Ya rasu a tsakiyar daminar nan, kuma na yi kwanaki ban samu na yi kukansa yadda nake so ba, saboda haushi.

Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zauna a tabarma, ya shafa fatiha, ya ce Allah ya jiƙan Baffa. Kafin ruwan da aka miƙa masa ya sauka cikinsa sai ka ji ya ce, "Kai, amma Baffa da fim ɗin jiragen nan!" Shi ke nan zaman makoki ya koma majalisa. Maza suna waje a gindin dogon yaro, mu mata muna ciki, amma taga tana kawo mana komai. Wannan ya ce shugaban jiragen ya yi daidai, wancan ya ce zalunci ya yi. Har da wani tsohon direba daga tasha wanda na tabbata ko minti ɗaya na fim ɗin bai gani ba, shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya. Wata 'yar'uwarmu da ta hawo mashin tun daga Betso ta ja ni gefe, ta tambaye ni cikin raɗa ko gaskiya ne talabijin ce ta tayar masa da hawan jini. Na ce mata ajali ne. Ta gyaɗa kai irin na wadda ba ta yarda ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar da aka yi a wurin jana'iza. Hamma, yayana, shi ya ba ni labari, tun da mu ba ma zuwa. Liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba, kuma yana sahun gaba inda kowa ke ganinsa: aminin Baffa, wanda muke kira Baban Kolere don a unguwar Kolere yake zaune. Wani ya zungure shi, ya yi kamar bai ji ba. Sai mutane suka shiga murmushi suna cewa, ka ga Babarbare, ko a gaban gawa ba zai ƙyale Bafulatani ba. Sun ɗauka wasa ne. Ni kuwa na san kalmar nan ce kaɗai Baffa ya roƙa a kan gadonsa, daga bakin mutumin nan, kuma ya rufe ido bai ji ta ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada a bar wa jikokinsa labarin wani tsoho mai faɗa da talabijin.

Baffa direban babbar mota ne. Ya yi rayuwarsa a hanyar Mubi zuwa Uba zuwa Maiduguri, ya tafi da wake da gyaɗa, ya dawo da bandar kifi da kanwa. Har ya tsufa bai daina kallon duniya ta gilashin gaba ba. Ba ya shiga abin hawa sai ya zagaya ya shuri tayoyinsa, ko da Keke ne, mai Keken yana tsaye yana cika yana batsewa. Ba ya zama a baya. In Inna, matarsa, ta yi tari, sai ya ce, "Lagireto ne, ku ba shi ruwa." Hausarsa irin ta garinmu ce, mace da namiji da mota duk "shi" ne. In ya ga na yi fushi kuwa sai ya ce in rage wuta kada in ƙona inji, abin da ke ƙara mini wutar ke nan.

Doka ɗaya yake da ita, kuma duk tasha an san shi da ita. In mota ta lalace a hanya, direbobi suna karyo ɗanyen ganye su jera a kan titi don masu zuwa su ankara. Yawanci in sun ga ganyen sai su kauce su wuce. Baffa in ya ga ganye tsayawa yake yi. A bayan kujerarsa akwai wani akwatin ƙarfe cike da fambel da fulogi da wayoyi waɗanda ba su ma dace da motarsa ba, na wasu ne da bai haɗu da su ba tukuna. Masu kaya sun yi ƙorafi har sun gaji. Ni kaina na ɗanɗana. Shi ya ɗauko kayan ɗakina daga Maiduguri ana jibi biki, ya tarar da wata a-kori-kura ta mutu kusa da Uba, ya shiga ƙarƙashinta bai fito ba sai da ta tashi. Aka kai ni ɗakin miji babu gado, babu kwano, 'yan kallon ɗaki suka kalli bango suka tafi. Da na yi masa kuka sai ya ce, "Gado ba ya jin ƙishi, 'yata. Mutumin can yana da yara a cikin rana." Na yi wata guda ba na gaishe shi da sakin fuska, shi ko a jikinsa.

Mai a-kori-kurar nan shi ne Baban Kolere, Babarbare mai sayar da huluna da turare, kuma daga ranar suka ƙulle. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma su biyun nan sun mayar da shi sana'a. Baban yana sallama Baffa zai ce, "Bawana ya iso, a ba shi sauran tuwon jiya." Shi kuma ya amsa da gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, Bafulatanin da ya sayar da shanu ya sayi ƙarfe." Haka za su yi ta yi daga la'asar har a kira magariba, su tashi su bi sahu kafaɗa da kafaɗa.

Sai shekarar gudu ta zo. Duk ɗan Mubi ya san abin da nake nufi, ba sai na buɗe ciwon kowa ba. Ranar da gari ya watse, motar Baffa ta riga ta tsufa, tana ajiye a ƙofar gida, sitatarta ta mutu, sai an tura take tashi. Mazan unguwa suka tura ta, ya loda mata da yara da tsofaffi har ba wurin ajiye tafin hannu. Ina ciki, da goyo a bayana. Muka bi hanyar Maiha. Akwai wani dogon hawa a hanyar, motar tana jan ciki da ƙyar tana hayaƙi, masu tafiya a ƙasa sun cika titi gaba da baya. A tsakiyar hawan nan muka hango a-kori-kurar Baban Kolere, bakinta a buɗe. Yana tsaye a gefe yana kaɗa hularsa. Matarsa, Iya, tana zaune a ƙasa, da ma tana fama da ciwon suga.

Baffa ya san motarsa. In ya tsaya a hawan nan da wannan lodi, ba za ta sake tashi ba, kuma birkinta ba zai riƙe ta ba, baya za ta gangara kan mutanen da ke biye. Ya wuce. Daga cikin bodi na ga Baban Kolere yana sauke hannunsa a hankali. Su suka bi duwatsu da ƙafa, Iya ba ta kai ƙarshen tafiyar ba, a wani ƙauye na bakin iyaka aka binne ta.

Da aka dawo gari Baffa ya je gaisuwa. Baban ya ce kwana ne ya ƙare, Baffa ya ce haka ne. Daga nan ba wanda ya sake ɗaga maganar. Suka koma wasansu kamar da. Sai dai Baffa ya sayar da motar wa masu sayen tsohon ƙarfe, bai kuma sake riƙe sitiyari ba, ya ce idonsa ne ya yi rauni. Mutumin da ke zura wa Inna zare a allura.

Bara ne Hamma ya kawo wa Baffa talabijin da sola daga Yola, da filash cike da fina-finai. A ciki akwai wani mai dogon zango na Turawa, a kan samarin da ke tuƙa manyan jiragen yaƙi a wani tsohon yaƙinsu, su tashi da asuba a jere, su je su zubar da bom a ƙasar abokan gaba, wanda ya yi sauran kwana ya dawo. Da yake ni malamar Turanci ce, aka naɗa ni tafinta ba tare da an nemi ra'ayina ba. Kullum bayan la'asar ina tashi daga makaranta sai falon Baffa, in zauna gefen talabijin ina fassara, kamar ba ni da miji da tukunya a gida.

Kallon fim da Baffa azaba ce. Tun a kashi na farko ya raba wa mutanen jirgin muƙamai: wannan direba, wannan kwandasta, wannan makaniki, wanda ke zaune can wutsiya da bindiga kuwa karen mota ne. Ya ce ba su da tarbiyya, don ba wanda ya shuri taya kafin a tashi, ba wanda ya yi bisimilla. Ya ga suna shan giya ana gobe tafiya, ya ce a tasharsu da an ƙwace makulli. Babban hafsan da ke tsayawa gaban taswira da sanda yana nuna musu hanya, Baffa ya tsane shi tun ganin farko. "Shugaban tasha ne wannan," in ji shi. "Dubi hannunsa. Bai taɓa canja taya ba." In sun sa abin rufe hanci duk su zama iri ɗaya, sai ya ce in tsayar in gaya masa wane ne ya mutu, ni ma kuwa ban sani ba.

Baban Kolere shi hulunansu yake kallo, ya ce ɗinkin inji ne, ba za su yi damina biyu ba. Goggo, yayar Baffa, tausayi ne ke kama ta, ta ce yara ne ko gemu ba su yi ba, anya uwayensu sun san inda suke? Inna kuwa da zarar cikin jirgi ya buɗe bom ya fara zuba sai ta miƙe ta ce za ta duba miya. Sau ɗaya ta yi magana. Ta ce, "Mu mun ji ƙarar irin wannan daga ƙasa. Ba su nuna wanda abin ke sauka a kansa, sai wanda hannunsa ya yi sanyi a sama." Ta wuce wajen miyarta. Kafin a yi nisa maƙwabta sun gano, falo ya riƙa cika har bakin ƙofa.

Sai aka zo kashin da ya raba tsofaffin nan. An harbi ɗaya daga cikin jiragen a hanyar dawowa, injinsa ya kama hayaƙi, ya fara ja da baya. A ƙa'idarsu ayari ba ya rage gudu don jirgi ɗaya, domin haɗuwarsu wuri guda ita ce kariyarsu. Yaron da ke tuƙa wanda aka harba yana kira ta rediyo. Shugaban ayarin ya waiga ya gan shi, ya juyo, ya ce a ci gaba. Ƙananan jiragen abokan gaba suka yi wa na bayan nan rubdugu.

Baffa ya miƙe tsaye, abin da gwiwarsa ba ta saba ba shi dama ba. "Tsaya!" ya daka wa talabijin tsawa. "Kai, tsaya mana! Ba ka ganin ɗan'uwanka?"

"Bawana," in ji Baban Kolere, "jirgi ba ya tsayawa a sama. Ina zai yi fakin, a kan gajimare?"

Falo ya kwashe da dariya. Baffa bai yi ba.

"Ya rage wuta. Ya sauko kusa da shi. Direban nan ba shi da imani, wallahi Allah zai tambaye shi."

"Ya yi daidai," in ji Baban. "Ka duba mutanen da ke bayansa. In ya juya don ɗaya, duka za su tafi."

"Ya gan shi! Ido da ido ya gan shi!"

"Ya gan shi, kuma ya yi daidai."

Ina riƙe da rimot. Na kalli Inna da ke bakin ƙofa, ita ma ni take kallo. Wanda ya wuce shi ke tsine wa mai wucewa, wanda aka wuce kuma shi ke kare shi, a gaban mutum wajen ashirin da ke tafi suna cewa a ƙara.

Daga ranar fim ya tsaya a wurin nan. Kullum sai Baffa ya ce in mayar baya. Na fassara maganar shugaban ayarin nan har na haddace ta kamar karatun allo. Baffa ya ce ina sassauta ta don in faranta wa Babarbare. Baban ya ce ina ƙara mata gishiri don Baffana ne. Musu ya fita daga falo ya kai tasha, ya kai ƙofar masallaci, ya kai wurin mai shayi. Unguwa ta rabu biyu, Fulani suna bayan Baffa don zumunci, masu shaguna suna bayan Baban, kowa yana nishaɗi. Da ma an saba jin su suna zagin juna, wa zai lura cewa yanzu ba sa dariya a ƙarshen zagin?

Na gaya wa Hamma cewa maganar nan ba ta jirgi ba ce. Ya ce ina da fassara da yawa, aikin ya bi jikina. Na je har gidan liman, na durƙusa na yi masa bayani. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Malama, wane ne ni in shiga tsakanin Bafulatani da Babarbare? Tun kafin a haife mu suke yi." Na dawo gida ina huci, ban san wa zan kama ba.

Ranar da abin ya ƙare, an kawo shayi ke nan. Baban ya sake cewa shugaban ya yi daidai, a hankali ma ya faɗa, kamar mai lallashi. Baffa ya dube shi ya ce, "Duk wanda ya ce ya yi daidai, bai san zafin a bar mutum a hanya ba." Ga wa ya faɗa? Ga mutumin da ya haƙa wa matarsa kabari a ƙasar da bai san kowa ba. Baban Kolere ya ajiye kofinsa a cike, ya nemi takalmansa, ya fita. Maƙwabta suka bi shi da ihu, "Babarbare ya gudu! Baffa ya ci!" Baffa ya ce a kashe talabijin. Ba a sake kunna fim ɗin a gidan ba, har ya rasu bai san yadda yaƙin nasu ya ƙare ba.

Watanni suka wuce ba sa ganin juna sai a sallar Juma'a, daga nesa. In na ce wa Baffa ya je Kolere sai ya ce hanya ta lalace. In na ce ya kira waya sai ya ce ba caji, alhali sola tana kan rufinsa. Amma duk la'asar sai ya sa a shimfiɗa tabarma biyu a zaure, ya zauna a ɗaya, a naɗe ɗayar da magariba. Taurin kan tsofaffi ya fi na 'yan ajina, su aƙalla akwai bulala.

Da damina ta kankama ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Je ki kawo mini bawana." An kwana ana ruwa, hanyar Kolere ta zama kunu. Keken da na hau ya maƙale a taɓo, na tuɓe takalmi na ƙarasa da ƙafa, zanena ya yi kaca-kaca. Na tarar da Baban a shagonsa. Ban gama magana ba ya fara rufe ƙofa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau dai za a gama.

Da muka iso, ya zauna a bakin gadon Baffa. Na tsaya daga ƙofa, Inna tana bayana. Babu wasa ranar. Baffa ya kama hannunsa ya ce, "Ranar hawan nan. Na gan ka. Na ga Iya. Ka yafe mini."

Baban ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ka yi daidai."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Mata da yara ka ɗauko. 'Yarka ga shi nan tsaye, da ka tsaya da yanzu ina yake? Ka yi daidai."

"Ka ce ka yafe."

"Ko malamai ka tara za su ce ka yi daidai."

Baffa ya saki hannunsa, ya juya fuskarsa bango. Baban ya ƙara zama kaɗan, ya yi masa addu'a, ya tashi. Na bi shi har zaure ina cewa, "Baba, kalma ɗaya ce fa!" Bai waigo ba. Baffa bai kai Juma'ar makon ba.

To ku gaya mini yadda zan zauna cikin masu gaisuwa ina jin ana raha da shirun Baban Kolere a gaban liman. Kwanakin makokin nan duka yana zuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma yana jan carbi, ana tsokanarsa ba ya tankawa. In na aika da abinci waje, sai in ji kamar in ce a tsallake shi. Na riga na yanke masa hukunci: girman kai ne. Na ce ba ya so ya furta ne don kada a ce ya faɗi a musu, ya gwammace amininsa ya tafi da nauyi a ƙirji da a ce Bafulatani ya kayar da shi a kan wani jirgin Turawa.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, ya zo da hantsi gaishe da Inna a ɗakin takaba. Ya kawo mata turaren wuta. Da zai fita na tare shi a zaure. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, amma ranar na manta da tarbiyyar da Baffa ya ba ni.

"Baba, me zai rage ka da shi? Mutum yana kan gargara yana roƙonka. Kai da bakinka ka ce ya yi daidai. To in ya yi daidai, mene ne wahalar ka ce ka yafe?"

Ya jingina da bango. Sai lokacin na lura da yadda ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Malama," in ji shi, "daidai daban, yafiya daban. Kaina ya san ya yi daidai tun a kan hawan. Ko ni ne a sitiyari haka zan yi. Amma nan," ya dafa ƙirjinsa, "nan bai yarda ba. Duk ranar da na ce ya yi daidai a falon nan, kina tsammani da shi nake? Da kaina nake. Ina faɗa ina faɗa ko zai shiga. Na ɗauki Iya a bayana a kan dutse, yana ce mini, ai Baffa zai sauke mutane ya dawo. Har ya daina magana yana sauraron ƙarar mota."

Duk shekarun nan yana cin tuwon gidanmu, yana kiran Baffa bawansa, da wannan a cikinsa.

"To shi ke nan?" na ce. "Haka zai kwanta?"

"Ni na wanke shi," ya ce. "Hamman ki bai gaya miki ba? Na roƙi liman ya bar ni. Na yi masa alwala, na zuba ruwa a dama, na zuba a hagu. Da na zo ƙafarsa na dama sai na riƙe. Na ce wannan ne bai taka birki ba. Na duba shi, duk kaushi, ya bushe kamar itace, ƙafan tsoho kawai. Na nemi fushin nan a cikina, na nema, babu. Sai na sunkuya a kunnensa na faɗa masa. Da liman ya tambaya a waje, me zan ƙara? Na riga na ba mai shi."

Hawaye ya zubo mini, amma haushin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi.

"Baba, da ka faɗa ranar da na je na ɗauko ka cikin taɓo. Da ya ji da kunnensa."

Ya sa takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, yana dafe da bango.

"Ranar nan da ƙarya ne," ya ce. "Na zage shi, na ce masa bawa, na ce masa ɓarawon shanu. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ba zan fara ranar da zai tafi da shi gaban Allah ba."

Ya fita. Na zauna a dandamalin zaure na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar rasuwa, ina yi ina jin haushinsu su biyun.

Ya Allah, ga Baffa nan ya iso gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, kuma ka isar masa da saƙon amininsa, don mu nan ya makara.